In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Cikin watan Satumba, 2021, mutanen Batsari da Safana suka wayi gari wayoyinsu sun yi shiru a hannu. Ba lalacewa suka yi ba. Hukuma ce ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, don a toshe kafar da 'yan bindiga su ke samun labari daga bakin masu kai musu rahoto. Kwanaki kaɗan kafin wannan, Gwamnan lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya sa hannu a wata doka wadda ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Aka yi wajen wata uku ba waya, sai cikin Disamba aka soma maido da layukan.

Ba mu ɗauko wannan zance don mu yanke hukunci a kan ko rufe layin ya yi amfani ko bai yi ba. Wannan maganar wata rana ce. Abin da ya kawo mu shi ne wani abu da duk wanda ya zauna ƙasar cikin waɗannan watanni ya gani da idonsa. Da waya ta mutu, abu ɗaya ya rage wa talaka wanda ke haɗa shi da sauran duniya, watau ɗan akwatin rediyonsa mai cin batir biyu. Da shi ya ke jin abin da aka hana, da shi ya ke jin ko an sassauta. Amma fa a lura: rediyo ya yi ta yi wa mutumin Wagini da na Runka magana safe da maraice, shi kuwa ba shi da ta inda zai mai da jawabi. An bar masa kunne, ba a ba shi baki ba.

To, ga ra'ayinmu a taƙaice. Gidan rediyon da a ke riƙewa da kuɗin jama'a bai sauke nauyinsa ba don kawai ya yi wa jama'a magana. Sai ya saurare su, ya kuma ba su fili su ji muryar junansu. A ƙasa irin ta Batsari da Safana, wadda ke bakin Dajin Rugu, wannan ba ado ba ne. Magana ce ta rai da dukiya.

Wannan ciwo ba sabo ba ne, da shi aka haifi rediyo a ƙasar nan. Cikin 1944 aka kafa rediyo mai waya a Kano. Akwati ne a ke kafa wa mutum a gida, a jawo masa waya daga gidan rediyo, ya riƙa biyan haya. Ba shi da ikon juya tasha, abin da aka zuba masa shi zai sha. Cikin 1951 Gwamnati ta kafa ma'aikatar watsa labarai ta ƙasa duka, ran 1 ga Afrilu, 1957, ta zama hukumar NBC. Cikin wannan shekara, ran 13 ga Maris, BBC ta buɗe sashen Hausa a Landan, muryar da aka fara ji kuwa ta ɗan Lardin Katsina ce, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Cikin 1962 Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Cikin 1978 Rediyon Kaduna ya shiga ƙarƙashin hukumar rediyon Tarayya, FRCN. Da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna cikin 1987, ita ma ta sami nata gidan rediyo da na talabijin, daga baya kuma Rediyon Tarayya ya kafa tashar Companion FM a birnin Katsina.

Duk wanda ya bi wannan tarihi da natsuwa zai ga abu guda: kowane taki da aka yi, kusantowa rediyo ya ke yi. Arewa ta ga ba za ta zauna tana jiran Ikko ta faɗi labarinta ba, ta gina nata a Kaduna. Katsina ta ga Kaduna ta yi mata nisa, ta gina nata. Ko a fagen jarida haka aka yi, domin cikin shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga wa larduna nasu ƙananan jaridu, na Katsina sunanta Himma, na Kano Sodangi, na Sakkwato Zaruma. Hujjar duk ɗaya ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, in wannan hujja gaskiya ce, ba ta ƙare a bakin Ƙofar Ƙaura ba. Abin da Bakatsine ya faɗa wa Kaduna, shi mutumin Zakka ya ke da ikon faɗa wa Katsina.

Ya kamata mu bambanta iri uku na gidajen rediyo, don kada mu ɗora wa wani kayan wani. Akwai na 'yan kasuwa, waɗanda doka ta ba izni tun 1992. Waɗansunsu suna aiki mai kyau, amma da kuɗin talla su ke ci, mai talla kuwa inda masu saye su ke can ya ke so a ji shi, watau birni. Akwai na ƙetare, irin su BBC da na Jamus da na Faransa. Su duniya duka su ke dubawa, saboda haka ba su waiwayo ƙauye sai abu ya yi muni. Duniya ta ji sunan Tsauwa da Dankar cikin Fabrairu, 2020, da aka kashe mutum 30. Ta ji sunan Ƙanƙara cikin Disamba na wannan shekara, da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300. Amma ba aikin Landan ba ne ta faɗi ranar da za a kawo taki Safana, ko ranar da ma'aikatan rigakafi za su isa Ruma. Wannan aikin na ukun ne, watau rediyon jama'a, wanda albashin ma'aikatansa da man injinsa daga baitulmali su ke fita. Kuɗin baitulmali kuwa na mai tallan nono ne kamar yadda ya ke na Kwamishina. Kowa ya ci ladan kuturu, lalle ya yi masa aski.

Kada mai karatu ya karɓi maganarmu haka kawai, ya gwada da kansa. Ya sami takarda ya ja mata layi gida uku, ya saurari labarun jiha har mako guda. Duk sa'ad da aka ambaci Batsari ko Safana, ya duba. In labarin hari ne, ya sa alama a gidan farko. In labarin wani babba ne da ya zo buɗe wani abu ko jajantawa, ya sa a na biyu. In kuwa muryar manomi ce, ko ta makiyayi, ko ta ungozoma, ko ta malamin firamare, yana faɗin nasa da bakinsa, ya sa a na uku. Ran bakwai ya ƙirga. Gidan nan na uku shi ne ma'aunin rediyon jama'a. Ba mu faɗi haka don mu ci mutuncin ma'aikatan rediyo ba. Mun san da yawansu suna aiki cikin ƙarancin kaya, hanyoyin kuma akwai kasada. Gyaran da mu ke nema na tsari ne, ba na mutum ɗaya ba.

Ba sai mun tafi nesa neman abin koyi ba, yana nan bayan iyaka. Cikin 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo a Jamhuriyar Nijar. Ga yadda su ke yi a wancan lokaci. Mutanen gari su taru da dare wajen akwati ɗaya, su saurari shiri a kan noma ko lafiya ko tarbiyya. In an gama, jagoransu, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara, ya ɗauki maganganunsu a rakoda, ya aika Yamai. Da waɗannan muryoyi a ke gina shiri na gaba. Ta haka manomin ƙasar Maraɗi ya kan ji abin da ɗan'uwansa na Damagaram ya ce, Gwamnati kuma ta ji su duka biyu. Ba Nijar ta fara ba. Manoman Kanada sun soma irinsa cikin 1941, Indiya ta gwada cikin 1956, Gana cikin 1964. Daga baya Nijar ta ƙara taki, cikin 1999 aka buɗe ƙaramar tashar ƙauye mai aiki da hasken rana a Bankilare, irinta kuma suka yaɗu har suka wuce ɗari. Mu nan Nijeriya, da yawanmu da arzikinmu, sai cikin 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 na farko. Wannan abin kunya ne, ba sai an ɓoye ba.

To, me mu ke so a yi? Abu shida ne, babu kuwa wanda ya fi ƙarfin Gwamnatin Jiha.

Na farko, a sa wakili mazauni a Batsari, wani a Safana. Ya zama ɗan ƙasa wanda ya san ƙauyuka da sunayensu, a kuma biya shi albashi sosai. Wakilin da ke jiran kuɗin mota daga hannun wanda ya kira taro, labarin mai taron kaɗai zai kawo.

Na biyu, a ware wa kowace daga cikinsu fili tsayayye kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, har kowa ya haddace. A ɗauko shirin a kasuwa da asibiti da bakin rijiya, ba a ofis ba. A faɗi farashin gero da dawa da wake da taki. A fassara hasashen damina da hukumar NiMet ta kan fitar farkon kowace shekara, da Hausar da manomi zai gane, don ya san ko shukar wuri zai yi ko ya dakata. A kuma tuna da mata. Su ne suka fi zama kusa da akwati, su ne kuma ba a cika jin muryarsu ba. A sa mace ta shiga gidaje ta ɗauko nasu, a sa shi da hantsi.

Na uku, filin amsa. Shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilmi da shugaban sashen lafiya su riƙa zuwa bi da bi suna amsa tambayoyin da aka tattaro daga ƙauyuka. Abin da ya fi muhimmanci, bayan wata guda a sake sa muryar alkawarin da aka yi, a tambayi mutanen wurin ko an cika. Alkawarin da aka san za a sake ji, ba a yinsa da ganganci.

Na huɗu, a ba makiyaya nasu rabo, da Hausa da Fulatanci. Ba kowane mai sanda da shanu ne ɗan bindiga ba, da yawansu su aka fara raba da garkensu. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, tun 1989 kuma akwai hukumar ilmin makiyaya ta ƙasa, wadda ta daɗe da sanin rediyo ne hanyar isa ruga. Cikin 2025 an yi zaman sulhu a Jibiya da Batsari da Safana da waɗansu wurare. Mutane sun rabu a kansa, waɗansu na ganin samun sauƙi ne, waɗansu na ganin kasada ce. Ko wane gefe mutum ya ke, abu ɗaya ba shi da gardama: sharaɗin da aka ƙulla da sunan jama'a, haƙƙinsu ne su ji shi dalla-dalla, su kuma faɗi ko ana cika shi. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Na biyar, cigiya kyauta. Tashin hankalin shekarun nan ya watsa iyali da yawa, waɗansu suna cikin garin Batsari, waɗansu Dutsin-ma, waɗansu Katsina, waɗansu sun ƙetara ƙasar Maraɗi. Tsohuwar da ke neman jikanta bai kamata a ce ta biya kuɗin sanarwa daidai da mai tallan magani ba.

Na shida, a tabbata muryar tana isa. Tashar FM tana da sauti garau, amma miƙe ta ke tafiya kamar hasken tocila, tudu da dutse da nisa suna tare ta. Matsakaicin zango kuwa yana bin doron ƙasa, ya fi cin nisa, balle da dare. Injinsa ya fi shan wuta, shi ya sa a ke sha'awar yin sakaci da shi. To, amma wanda ya fi kowa nisa da birni shi ya fi kowa bukatar labari, saboda haka kuɗin gyaran wannan inji ba asara ba ne. In an yi haka, sa'an nan a taimaki mutanen ƙasar su nemi lasisin ƙaramar tasha tasu.

Mun san akwai masu ja, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Wani zai ce, ai 'yan bindiga ma suna da rediyo, duk abin da aka faɗa a kunnensu ne. Gaskiya ne. Saboda haka dole a yi ƙa'ida mai tsanani: ba a faɗin inda jami'an tsaro suka nufa, ba a faɗin wanda ya sayar da amfanin gona ko ya sami kuɗi, ba a ambaton sunan wanda ya ba da labarin hari, shiri mai hatsari kuma a ɗauke shi tukuna a tace, kada a sa shi kai tsaye. Amma shiru ba magani ba ne. In gidan rediyo ya yi gum, jita-jita ce ke hawa kujerarsa. Sai a ga an tura tsohon hoto a WhatsApp ko Facebook an ce yau abin ya faru, kasuwa ta watse, mata su kwana a jeji da goyo a banza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce babu kuɗi. Rakodar da malamin Nijar ya riƙa saɓawa a kafaɗa cikin 1962, yau tana cikin aljihun kowane malami, domin wayar hannu tana ɗaukar murya ko da babu layi. Sa'an nan akawunanmu sun sani, Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ba muna cewa a bi talaka gida gida da rasit ba, Allah ya kiyaye. Muna cewa dokar ƙasa da kanta ta haɗa ƙaramar hukuma da sha'anin rediyo, saboda haka ba baƙon abu ba ne Batsari da Safana su sa kuɗin fili ɗaya na mako cikin kasafinsu, muddin ba za su mai da shi filin kirarin Shugaba ba.

Wani kuma zai ce, yaya gidan Gwamnati zai ba da fili a soki Gwamnati? Muna amsawa da abu biyu. Na ɗaya, sashe na 22 na Tsarin Mulki ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin tsare amanar da ke kan Gwamnati ga jama'a, bai kuwa cire gidajen Gwamnati ba. Na biyu, Gwamnati ce ta fi kowa cin ribar wannan. Shugaban da ba ya jin komai sai yabo, kamar direba ne da aka rufe wa gilashi da hoton kansa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In an bar shi ya faɗa tun ɗigo bai zama rushewa ba, wa ya huta in ba mai gyara ba? Kuma gidan rediyon da a ke jin kukan talaka a cikinsa, shi a ke gaskatawa ran da ya ce a kai yara rigakafi, ko a kwantar da hankali. Wanda bai saba faɗin mai ɗaci ba, ko ya faɗi gaskiya sai a ce farfaganda ce.

Daga ƙarshe muna juyowa gare ku, malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi da na ofisoshin hakimai. Ku ne magadan ma'aikatan En'e, wadda aka nannaɗe tabarmarta cikin 1976. Lokacin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, sa'ad da Malam Ahmadu Coomassie, ɗan Katsina, ke cikin jagororin aikin, irinku ne suka zauna gindin itatuwa suna koya wa magidanta baƙi da wasali. Yau ma aikin bai fi ƙarfinku ba, ba kuwa sai kun jira umurni daga sama ba. Malami ya tara mutum goma ko goma sha biyar sau ɗaya a mako, su saurari shirin noma ko na lafiya tare, su tattauna. Ya rubuta abin da suka ce da tambayoyin da suka yi, a taƙaice, ba ƙari ba ragi, ba tare da sunan da zai jawo wa wani wahala ba. Akawu ya tattara na ƙauyuka, da sanin Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana, ya aika gidan rediyo, ya ajiye kwafe. In ba a karanta ba, a sake aikawa mako na gaba. Takarda ɗaya a kan manta da ita cikin aljihun tebur, amma takarda ashirin daga gari ashirin, kowane mako, ba mai iya kau da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu ce rediyo zai kori 'yan bindiga daga Rugu ba, wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro, da kuma adalci tsakanin manomi da makiyayi. Abin da muka ce shi ne, mutanen da suka jure abin da Batsari da Safana suka jure sun cancanci a san su da muryarsu, ba da adadin gawarwakinsu kaɗai ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mun daɗe muna fassara wannan da cewa talaka ya kasa kunne ga hukuma. Lokaci ya yi da za mu karanta shi ta ɗaya gefen: ƙasa jiki ce, hukuma kuwa ita ce ke da bukatar kunne.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu, ya ba shugabanninmu kunnen saurare da zuciyar gyarawa, amin.